Ruwa Ya Zo, Fage Ya Tashi: Kalankuwa da Faɗaɗar Noman Rani a Ƙasar Kura da Bunkure

Kafin ruwan Tiga ya sauko ƙasar Kura da Bunkure, shekarar manomi kashi biyu ce da ba su yi kama da juna ba. Daga saukar ruwan shuka a watan Mayu ko Yuni har zuwa yankan dawa a Nuwamba da Disamba, babu mai lokacin kansa, gona ce ke da kowa. Da zarar an ɗaure dammuna an kai rumbu, sai ƙasa ta bushe, hunturu ya taso, mutane su watse zuwa sana'o'in rani. A Kura akwai karofi da masu bugu, inda ake rina turkuɗi da rawani ɗan Kura da fatake ke kaiwa har ƙasar Buzaye. Masu fadama su kafa jigo su yi lambu. Wanda ba shi da ko ɗaya ya ɗauki sandarsa ya tafi cin rani. Amma tsakanin rufe rumbu da wannan watsewa akwai 'yan makonni da ba na gona ba ne, ba kuma na sana'a ba. A cikin wannan ɗan tsakanin kalankuwa take zaune.

A ajin adabi mun saba ganin sunanta a jere da wasan gauta da tashe da 'yan kama, a ƙarƙashin wasannin kwaikwayo na gargajiya, a ba ta layi uku ko huɗu a wuce. A ganina jerin ya rage mata daraja, domin ta sha bamban da sauran. A tashe akwai masu yi da masu kallo, kuma wasan yakan ƙare a ƙofar gida ɗaya a sake shi a ta gaba. Kalankuwa kuwa ƙasa ce sukutum da samari da 'yan mata ke kafawa a bayan gari, ta yi kwanaki tana tsaye da dokokinta. Ana naɗa sarki da waziri da alƙali, kuma tun da Turawa suka zo aka ƙara da gwamna da razdan da di'o da likita da 'yan doka. 'Yan mata su ma suna da shugabarsu da muƙarrabanta. A kafa rumfuna da karan dawa da zana, a aika wa samarin ƙauyukan maƙwabta goron gayyata, a kira makaɗa. Duk wanda ya shigo fage ya shiga ƙarƙashin wannan hukuma: idan ya yi laifi a kama shi, a kai shi gaban alƙali, a ci shi tara, ya biya da kuɗin gaske. Al'adar ba ta ƙasar Kano kaɗai ba ce. Littafin Baba ta Karo da Mary Smith ta wallafa a 1954 ya ba da labarin ƙungiyoyin samari da 'yan mata masu sarautu a ƙauyukan ƙasar Zazzau.

Dattawan ƙauyenmu, wanda ke tsakanin Kura da Bunkure, idan suna ba da labarinta ba kiɗa ko rawa suke fara ambata ba. Shari'o'in suke tunawa. Wani ƙanen kakana ya riƙe alƙalanci shekaru uku a jere, kuma har ya tsufa abokansa da wannan sunan suke kiran sa. Ya ce hukuncin da ya fi yi masa daɗi shi ne wanda ya yanke wa ɗan mai unguwa, da ya ci shi tara saboda ya zauna a tabarmar gwamna, gwamnan kuwa ɗan wani talaka ne da ke yi musu ƙwadago da damina. Yaron ya biya, mahaifinsa bai ce uffan ba. Wannan shi ne ainihin ɗanɗanon wasan. Na 'yan kwanaki, wanda ba kowa ba yakan ɗanɗani iko, wanda ya saba da iko yakan ɗanɗani biyayya, kowa kuma ya ga yadda rawani da hular Bature suke zama abin dariya idan an ɗora su a kan yaron da jiya aka gani yana korar jaki. Manya sun ƙyale ne domin sun san ranar tashi tana nan tafe.

Abubuwa uku ke riƙe da ita: lokaci wanda babu mai buƙatarsa, kaka guda ɗaya da kowa ke gamawa tare, da jama'ar da ta san juna har ta san wa ya dace da wace sarauta. Aikin noman rani na Kogin Kano bai taɓa hana kalankuwa ba, babu wata takarda da ta ambace ta. Waɗannan ginshiƙai uku ya riƙa zarewa, ɗaya bayan ɗaya, duk lokacin da aka faɗaɗa shi.

Farkon abin ƙarami ne. Gwamnatin Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975, ta gina madatsar Bagauda, daga ita aka jawo ruwa zuwa gonar gwaji ta Kadawa a farkon shekarun 1970, bisa tsarin da kamfanin NEDECO na ƙasar Holan ya zana. A wannan mataki ruwan abin kallo ne ga mafi yawan ƙauyuka. Mutane sukan taka su je su ga alkama kore shar a tsakiyar rani, su dawo suna mamaki. Sai fari na 1972 zuwa 1974 ya zo, ya ƙone amfanin gona, ya kashe dabbobi, ya kuma kashe bakin duk mai gardama a kan amfanin tare ruwa. A 1974 aka kammala madatsar Tiga, wadda aka tsara ta riƙe kusan kubik mita biliyan 2. Dubban mutane aka tasa daga garuruwan da ruwan ya cinye. A 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, aikin ya koma hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Kashin farko an tsara shi a kan hekta 22,000, kodayake abin da aka daɗe ana nomawa bai wuce kimanin 15,000 ba.

Wannan faɗaɗa ta farko taswirar ƙasar kanta ta sake. An karɓi gonaki, motocin katafila suka baje su, aka tuge itatuwa da yawa, aka yanka ƙasar murabba'i-murabba'i, aka mayar wa masu ita bayan an cire rabon hanyoyin ruwa da na mota. Mutum yakan sami gonarsa, amma ba lallai a inda kakansa ya bari ba, kuma ba da ɗorawar da ake kwatance da ita ba. A ƙauyenmu filin da ake kafa rumfunan kalankuwa gonar dawa ce da ke komawa fage da zarar an yi girbi. Bayan rabon, ƙaramar hanyar ruwa ta ratsa tsakiyarsa.

Abin da ya fi taswira nauyi shi ne dawa. An tsara aikin ne domin alkama, ita kuwa alkama sanyi take so: dole a shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in ba haka ba zafin Maris ya riske ta kafin ta cika ido. Dawar gargajiya kuma a daidai wannan lokaci take tsaye a gona tana jiran yanka. Saboda haka jami'an aikin suka matsa wa manoma su bar dawa a cikin filin ruwa, su koma masara da sauran amfani mai saurin nuna. Tina Wallace, wadda ta yi bincike a Ciromawa a ƙarshen shekarun 1970, da Gunilla Andrae da Björn Beckman a littafinsu The Wheat Trap na 1985, duk sun tattauna wannan rikici ta fuskar abinci da tattalin arziki, domin dawa ita ce tuwon gida, kararta kuma makamashi ne da danga da abincin dabba. Ni abin da nake ƙarawa kaɗan ne. Makonnin da alkama ta nema su ne ainihin makonnin kalankuwa. Saurayin da a dā zai kwana a fage yana gwamna, yanzu da asuba yana bakin kwali yana jiran rabon ruwansa, domin ruwa ba ya jiran wanda ya makara. Ko karan da za a yi rumfa sai an nemo shi daga gonakin tudu.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan ya mutu nan take. Dattawa sun ce ya ma ƙara armashi na wasu shekaru, saboda kuɗi sun shigo hannun samari. Aka daina ɗinka hular gwamna da kwali, aka sayo ta gaske. Aka ɗauko makaɗa daga nesa, aka kawo lasifika. Kwanakin ne suka ragu, daga mako guda zuwa kwana uku, daga uku zuwa dare ɗaya. Shari'a kuwa lokaci take ci, sai an kai ƙara, an kira shaidu, an yi ta jan magana ana dariya. Da dare ɗaya ya rage, ita aka fara yarwa, aka bar kiɗa da liƙi. Sunan yana nan, taron ya fi na dā girma, amma ƙasar da ake kafawa ta koma dandalin rawa.

Akwai wani abu da ya faru a wannan zamani da nake ganin yana da alaƙa da maganar, ko da ba a saba haɗa su ba. A 1977 matan karkara da ke tsinkar wake a gonar kamfanin BUD, mai fitar da kayan lambu zuwa Turai daga yankin Kadawa, suka yi yajin aiki a kan lada, abin da Sam Jackson ta rubuta a kansa a 1978. A ƙasar da 'yan shekaru kaɗan baya ake tsayawa gaban Baturen wasa a yi masa ba'a, ga mata sun tsaya gaban shugabannin kamfani na gaske suna ciniki. Iko ya matso kusa, ya zama abin da ake fuskanta kullum a wajen mai buɗe ƙofar ruwa da mai rabon taki da mai tarakta. Abin da ke nesa shi ke da daɗin kwaikwayo. Razdan ɗin da ba a taɓa gani ba sai a rangadi ana iya sa tufafinsa a yi dariya, amma jami'in da gobe za ka roƙa ya sakar maka ruwa, sai ka yi tunani kafin ka kwaikwayi tafiyarsa a bainar jama'a.

Faɗaɗa ta biyu ba ta fili ba ce, ta kasuwa ce. A 1987 gwamnatin Babangida ta haramta shigo da alkama, farashinta ya tashi, kowa ya afka mata, har aka ɗage haramcin a farkon shekarun 1990. Tumatir ne ya gaje ta. Shi kuma ya fi alkama cin mutum: a yi reno tun damina ba ta gama ɗaukewa ba, a dasa, a yi ta ban ruwa da feshi, sannan tsinka ta ɗauki watanni, daga Janairu har Afrilu. Kasuwar Kwanar Gafan ta cika da kwanduna da dillalai da manyan motoci masu zuwa Legas. Ƙasar da a dā 'ya'yanta ke fita cin rani ta zama inda ake zuwa cin rani, 'yan ƙwadago suka riƙa kwararowa daga wasu jihohi har da Nijar. 'Yan kasuwa da ma'aikata daga birni suka karɓi hayar gonaki. Gandu, inda uba da 'ya'yansa ke noma tare su gama tare, ya yi rauni, domin saurayi na iya samun kuɗinsa a gonar wani kafin azahar. Daga nan babu sauran ranar da za a ce gari ya gama kaka. Wannan yana yankan shinkafa, wancan yana dashen tumatir, na uku yana haƙar albasa. Ginshiƙi na biyu da na uku suka tafi tare.

Zalunci ne a ɗora wa ruwa komai. Makarantun firamare na shirin ilimi kyauta na 1976 sun ɗebe yara daga fage. Wa'azi ya ƙaru a kan cakuɗuwar maza da mata a wajen kiɗa, musamman bayan kafuwar Izala a 1978, kuma bayan ƙaddamar da shari'a a Kano a 2000 da kafa hukumar Hisba a 2003 irin wannan taron dare ya zama abin da ake sa wa ido. Finafinan bidiyo na Hausa, tun daga Turmin Danya a 1990, sun kawo wa ƙauye sarakuna da alƙalai na wasa waɗanda ba sai an naɗa su ba. Waɗannan duk sun taɓa ƙauyukan tudu kamar yadda suka taɓa namu. Bambancin shi ne, abin da masu wa'azi suka tarar a ƙasar ruwa ya riga ya zama dare ɗaya na kiɗa da liƙi. Ɓangaren da ya fi cancantar a kare, wato shari'ar wasa da ba'ar masu mulki, ya daɗe da faɗuwa, kuma ba a sami mai tsaya wa ragowar ba.

Na fara fahimtar wannan tarihi da kyau ne ta wata hanya da ban zata ba, lokacin da nake jami'a na ci karo da muhawarar masu wasan kwamfuta na intanet mai suna World of Warcraft. Kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da shi a Nuwamba 2004. Kamar kalankuwa, duniya ce da ake shiga a ɗauki matsayi, wannan mayaƙi, wancan mai warkarwa, kuma tana nan tsaye ko ka fita. A farkonsa tafiya tana da wuya da nisa, kuma duk wanda ke son shiga kogon dodanni sai ya yi ta cigiyar abokan tafiya huɗu a cikin mutanen dandalinsa, waɗanda gobe ma zai sake haɗuwa da su. Mai hali ya yi suna, marar hali a guje shi. Sai kamfanin ya riƙa faɗaɗa wasan. The Burning Crusade na 2007 ya kawo abin hawa mai tashi sama, aka daina haɗuwa a hanya. A ƙarshen 2009 aka ƙara wata na'ura da ke haɗa mutum da baƙi daga wasu dandali cikin 'yan mintuna, a gama aiki a rabu ko gaisuwa babu. Cataclysm na Disamba 2010 ya rushe tsohuwar taswirar ya sake zana ta. A wannan shekarar masu biyan kuɗin wasan suka kai miliyan 12, adadi mafi yawa a tarihinsa, a daidai lokacin da tsofaffin 'yan wasa ke cewa ba su gane gidansu ba.

Abin da ya ja hankalina shi ne, babu ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye da aka yi da mugun nufi. Kowanne amsa ce ga wani kuka na gaskiya: tafiya ta yi tsawo, neman abokai yana cin dare. An cire wahala, sai aka tarar ashe wahalar ce ke tilasta wa mutane su buƙaci juna. Haka ruwan Tiga ya yi, sai dai a nan kwatancen ya tsaya, kuma dole in tsaya tare da shi. Wahalar da aka cire wa ɗan wasan kwamfuta ta minti arba'in ce a gaban allo. Wadda aka cire wa kakannina ita ce rumbun da ke ƙarewa kafin sabon hatsi, da miji da ke tafiya wata biyar ba labari. Lokacin da babu mai buƙatarsa, wanda na kira ginshiƙin kalankuwa, sunansa na biyu rashin aikin yi. Kuɗin shinkafa da tumatir ne suka kai ni jami'ar da na koyi kalmomin da nake wannan rubutu da su, kuma ban taɓa jin dattijo ɗaya, har da tsohon alƙalin, ya ce a mayar da ruwan a dawo masa da fagensa ba. Abin da nake ƙi shi ne lissafin da ke ƙirga tan nawa aka samu a hekta, ya rubuta sifiri a gurbin abin da aka biya. Ƙauyen da ke da kalankuwa yana da wurin da matasa ke gwada riƙon jama'a kafin a ba su, da wurin da ake faɗa wa mai iko gaskiya cikin raha ba tare da an fasa kai ba. Yau saurayin Kura ko Bunkure yakan fara ɗanɗanar muƙami ne a ƙungiyar siyasa, inda tarar ba ta wasa ba ce, dariyar ma ba ta kowa da kowa ba ce.

Masu World of Warcraft sun yi ƙoƙarin komawa. Wasu suka kafa dandalin sa-kai mai suna Nostalrius da ke gudanar da tsohon wasan, kamfanin ya sa aka rufe shi a Afrilu 2016, aka yi ta koke, daga bisani a Agusta 2019 ya fito da nasa mai suna Classic. Jama'a suka yi cincirindo. Taswirar ta dawo daidai, amma masu shigar ta sun riga sun san kowane lungu, an rubuta hanyar cin kowane dodo a intanet, kuma ɗaliban 2004 sun zama magidanta masu duba agogo. Dodannin da a dā aka yi watanni ana fama da su, cikin kwanaki aka gama da su. Irin wannan nake gani idan an shirya kalankuwa a ranar al'adu ta makaranta ko a bikin gwamnati. Ga rawani, ga hular razdan, ga alƙali da sandarsa, an haddace komai. Amma manyan baƙi suna kan kujeru a inuwar rumfa, kuma babu ɗan dokan wasa da zai isa ya kamo ɗaya daga cikinsu ya kai gaban alƙali.

Faɗaɗa ta baya-bayan nan a idona aka yi ta. A 2014 Bankin Duniya ya amince da rancen kimanin dala miliyan 495 domin shirin TRIMING na gyaran manyan ayyukan noman rani a Arewa, ciki har da namu, inda hanyoyin ruwa suka cushe da laka da kacalla. A Maris 2016 masana'antar tumatir ta Dangote ta buɗe a Kadawa, a shekarar da tsutsar da manoma ke kira sharon ta cinye gonaki. Rufe iyakokin ƙasa a Agusta 2019 ya ɗaga darajar shinkafar gida, injinan casa suka ƙaru a Kura, mata suna turarawa, ana noman ta damina da rani. Shirin ya ƙarfafa ƙungiyoyin masu amfani da ruwa, kowace da shugaba da sakatare da ma'aji, suna karɓar kuɗin ruwa, suna cin tarar wanda ya fasa kwali ko ya saci rabon wani. Wani jikan tsohon alƙalin yana cikin shugabannin ƙungiyar yankinmu, yana da littafin rasit da hatimi.

A shekarun gyaran akwai rani da aka rufe ruwa a ɓangarenmu domin 'yan kwangila su yi aiki. Karo na farko cikin fiye da shekaru arba'in, gonakin ƙauyenmu suka bushe bayan kaka, kowa ya gama tare, makonnin nan da babu mai buƙatarsu suka dawo. Masu hali suka haƙa rijiyar burtsatse suka sayi injin ban ruwa. Wasu samari suka tafi Kano tuƙin A Daidaita Sahu, wasu suka bi gonakin da ruwa bai yanke musu ba suna ƙwadago. Waɗanda suka rage sukan taru da yamma a shagon cajin waya da ke bakin titi, su kalli ƙwallon Ingila, su tambayi duk wanda ya fito daga wajen Kadawa ko ya ji ranar da za a saki ruwa.